Kunnen Malam Sada

A Ƙofar Kwaya, in injin mota ya rikice, wurin Malam Sada ake kai shi. Tun yana saurayi bai taɓa yarda da na'urar gwaji ba. Sukudireba yake dafawa a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido, sai ya faɗa maka ciwon. Da kunnen nan ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya. Abin da yake ɓoyewa shi ne, kunnen ya fara tafiya. Matarsa Rakiya cewa take tsufa ya koya masa share mutane.

Ana haka Alhaji Mudassir, dillalin motoci, ya kawo masa wata tsohuwar motar tsere a sake haɗa injinta. Tana da kompresa, na'urar da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi. Aikin duk ya rataya ne a kan matsi, wato yadda fistin zai danne iska da mai kafin wuta ta kama. In matsin ya yi kaɗan, mota ta yi sanyin jiki. In ya yi yawa, ga kompresa na ƙara nasa, ga irin fetur ɗinmu da zafin Katsina, sai inji ya fara ƙwanƙwasa har fistin ya narke.

"Malam, a aske kan injin nan, matsi ya ƙaru," in ji Alhaji. "So nike in na taka ta tashi sama."

A da, Sada zai aske ƙarfen kan injin kaɗan, ya haɗa, ya saurara, ya tsaya daidai inda ƙwanƙwasa za ta fara. Yanzu da me zai saurara? Ya san gaskit mai kauri, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya kamata ya sa, ya rage matsin, kowa ya huta. Amma bawan Allah yana son a ce har yanzu shi ne, kuma wa zai ga laifinsa? Ya aske.

Ranar gwaji ya ɗauki Luka, mai gyaran wutar mota da suka tsufa tare a garejin, suka hau hanyar Jibiya. Sada ya taka, mota ta miƙe, daɗi ya kama shi har yana murmushi shi kaɗai. Sai ya ji an damƙe masa hannu.

"Ɗaga ƙafa, Malam!" Luka ya faɗa da ƙarfi. "Tun da muka fito gari take ƙwanƙwasa."

Sada ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya juyo ya dubi Luka cikin kunya.

"Luka," ya ce a hankali, "wallahi ban ji komi ba."

Luka ya matso daf da kunnensa.

"Na sani, Malam. Duk garejin mun sani tun bara. Kai kana zaton haka kawai muka koyi magana da ihu?"