Kurungun da Ba a Yi wa Suna Ba

Ran da likita ya ce in maida tsohuwata, uwar 'ya'yana, gida, bai ce ta warke ba. Cewa ya yi a ba ta abin da ranta ke so. Na tambaye ta, ina zaton za ta ce fura ko romon kaza, abin da tsoho zai iya. Ta ce muryar ɗanta take so ta ji.

Ɗan nan shi ne na farinmu, kuma wata bakwai ke nan wayarsa a kashe. Yana Kotonu, ko in ce can muka san shi. Aikinsa, a iya ganewar mutum irina da ya yi lekol, makarantar boko, har aji huɗu kafin malam ya gaji da shi, ƙera wasan da ake bugawa a talabijin ne. Mutum da gemunsa, shekara talatin da uku. Na sha gaya masa ni ma na ƙera motar kara ina ƙarami, ba wanda ya ɗauke ni aiki.

Zuwansa na ƙarshe, da babbar salla, na tambaye shi inda yake aiki. Ya faɗi wani dogon Faransanci, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Na tambayi sunan wasan. Ya ce sun sa hannu a takarda, ba a faɗa wa kowa, kuma ma bai da suna tukuna. A tsakaninsu dai Kurungu suke ce masa, shi ya zaɓa, don ubansa mai sayar da bandar kifi ne a kasuwar Malanbil. Na ce duk kifin kogin nan bai ga giwan ruwa ba sai mai ƙaya da gurnani? Ya yi dariya. Abin da na riƙe ke nan game da aikin ɗana, sunan kifi.

Da sunan kifin nan na tafi wajen jandarma. Wanda na tarar ya ba ni kujera, ya saurare ni da ladabi, ya ɗauki alƙalami, ya ce sunan kamfanin. Na ce Kurungu. Ya aje alƙalamin a hankali.

Saura wuri ɗaya, kuma na kwana biyu ina zagaye shi. A bayan tashar Gaya akwai ɗakin da ake buga irin wasan. Mai shi wani Badende ne mai tumbi, ɗan shekara arba'in. Ina cikin dattawan da suka taɓa zuwa wajen mai unguwa a rufe masa ɗaki, ni ne ma na yi jawabi. Bayan azahar na sunkuya na shiga.

"Baba, lahiya?" in ji shi. "Ko yau da kwaɗon kuka taho?"

"Rage ƙarar abin ga. Tambaya gare ni."

Ya rage. Na faɗa masa komai, har maganar likita. Bai ƙara tsokanata ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya rubuta Kurungu a wayarsa, ya juyo mini ita. Kifi ne reras, wani a kwando, wani a tukunya.

"Baba, wanga ba sunan yanka ba ne," ya ce. "Kun ga na'urorin ga duka? Kowace tana da sunan da maƙeranta ke kiranta tun tana ciki. Wata sunan dabba, wata sunan gari, don kada abokan gasa su gane abin da ake dafawa. Ran da za a fitar da ita kasuwa sai a raɗa mata wani, na farkon ya ɓace. In wasan ɗanku ya fito, ko yana cikin ɗakin ga ba zan san shi ne ba."

"To ilimin naku na mene ne?"

"Ku ba ni sunan shi kansa. Na takarda."

Nan na tsaya. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Tun ran da aka yanka masa rago sunan bai taɓa fita bakina ba, garin ma duk da laƙabi suka san shi. Na ce a ba ni takarda. Na zana haruffan manya-manya, ɗaya na hawan ɗaya. Ranar ce aji huɗun nan ya biya mahaifina wahalarsa.

Ya daɗe yana shafa waya, can ya nuna mini hoto. Mutum shida a gaban allo, ɗana a gefe, ya rame. Cikinsu akwai wata mace mai tabarau, ita ya samu ya rubuta wa da Faransanci. Kafin la'asar ta amsa. Ya karanta shiru, sannan ya fassara mini da Hausa, yana zaɓen kalmomi. Waɗanda ke ɗaukar nauyin aikin sun janye. An rufe ofis, kowa ya kama gabansa. Shekara uku suna ƙera abin, bai fito ba, ba zai fito ba.

Na binne jariri biyu kafin kwana bakwai, na san yadda ake fita da su ba tare da an tara jama'a ba. Sai a lokacin na gane ɗana ba ya kurkuku, ba ya asibiti. Kunya ce ta kashe masa waya. Kuma in za a faɗi gaskiya, wanda ya fi kowa yi masa dariyar ƙera wasa yana zaune a kan benci a ɗakin nan, da hula a gwiwa.

Matar ta ce ba ta da sabuwar lambarsa, amma suna da zaure a waya inda tsofaffin abokan aikin ke gaisawa, yana leƙawa ba ya magana. Ta ce in a rubuce ne zai ce dabara ce, a aiko da murya. Mai ɗakin ya miƙo wayar kusa da bakina.

"Ku kira shi da sunansa, Baba. Mutane da yawa za su ji, a san da wa ake."

Na kira. Sunan ya fito kamar na haɗiye ƙaya. Na ce, "Ni ne. Ba wanda ya tambaye ka wasa. Uwarka ba ta tashi, likita ya sallame mu. In kana tsoron bakina ne, na rantse zan rufe shi. Ka kira ko ba ka da abin faɗi."

Kwana uku ba labari. Kullum uwarsa ta tambaye ni, kullum in ce layin Kotonu ne ya lalace, har na fara zagin kamfanin waya a gabanta don ƙaryar ta yi kama da gaskiya. Ta daina cin abinci a rana ta biyu. Na zauna a bakin ƙofarta ina jin numfashinta, in ya yi jinkiri sai in yi tari don ta motsa.

A rana ta huɗu da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida. Mai tumbin nan ne, ya shigo ko sallama bai gama ba, waya a sama kamar mai tsallaka ruwa. Na karɓa. Can ciki ina jin hayaniyar titi da hon, ashe ɗan nawa kabu-kabu yake yi a Kotonu. Ya ce, "Baba." Ni kuwa na cika alkawari, ban ce komai ba. Na kai wayar kunnen uwarsa.

Ban ji abin da ya ce mata ba. Ita dai ta ce, "Kana cin abinci kuwa?" Ta saurara. Ta ce, "Ƙarya kake. Taho."

Ya shiga motar dare, ya iso washegari da riga ɗaya a leda. Ta ƙara kwana tara a duniya bayan haka, kuma shi ke ba ta kunu da cokali, don daga hannuna ta ƙi karɓa.