Ranar da Aka Tuge Tumatirin Maƙwabcina

Shekarun baya, lokacin da Fesbuk ya fara shigowa wayoyi, ni kaɗai ke da shi a majalisarmu ta bayan Kura. Wayata 'yar Nokiya ce mai tsagaggen gilashi, amma yadda nake ɗaga kafaɗa kai ka ce ni na ƙirƙiro intanet ɗin.

Ranin shekarar mun yi dashen tumatir, sai ruwan ƙaramin kanal ɗinmu ya ɗauke kwana huɗu cur. Dashe ya fara langaɓewa, ran kowa a ɓace. Ana haka na ci karo da rubutun wani da ban sani ba, wai 'yan ɗaya jam'iyyar ne ke sa a toshe wa garuruwan da ba su zaɓe su ba ruwa, kuma baƙi suke amfani da su. Bai ambaci garinmu ba. Ni na karanta wa majalisa, na ƙara gishiri.

Wani abokina ya ce, "Kai, ka tabbata?"

Na ce, "Haba! A intanet fa yake."

Baƙo ɗaya ne a layinmu, wani dattijo Kirista daga Filato da ke noma a bakin kanal, gonarsa na jikin tawa. Ban kira sunansa ba, amma da wani ya kira, ban ce uffan ba. Kafin azahar matasa sun shiga gonarsa, ba su same shi ba, suka tuge dashen fangali bayan fangali. Ina tsaye da wayata a hannu kamar wani alƙali.

Daga nan muka bi kanal sama don mu ga inda ya toshe. A kwalbatin hanya muka sami dattijon, cikin ruwa har ƙirji, da adda yana sarar kacalla. Ciyawar ce ta cushe bakin kwalbatin, shi kaɗai ya damu ya zo ya duba. Tun safe yake ciki.

Ya ɗago ya gan ni, ya washe baki. "Ɗana, ruwan ya iso wajenku?"



Mahaifina ya ja ni har gidansa muka ba shi haƙuri, muka kai masa iri. Ya karɓa, ya ce ba komai. Amma lokacin dashe ya wuce, kuma da rani ya zagayo bai dawo ba.

Yanzu kullum sai an turo mini irin wannan rubutu, a ce in yaɗa. Nakan tambayi mai turowar ko ya je kwalbatin ya duba, ya yi ta mamakin me nake nufi. Kunyar ba ta sake ni ba. Tumatirina ya yi kyau sosai a shekarar, da ruwan da dattijon ya buɗe mana.