Ɗaki Biyu da Shago a Bakin Titin Boɗinga

Shekaranjiya maƙwabcinmu ya sa aka buga masa bulo a ƙofar gida, da safe yaransa suka fito suna yayyafa masa ruwa. Ƙamshin jiƙaƙƙen siminti ya biyo iska har tsakar gidana. Sai na ajiye tsintsiya na nemi wuri na zauna, domin wannan ƙamshi ba ya zo mini shi kaɗai. Tare yake zuwa da Kakata, da gonarta ta bakin titi, da shekarun da garinmu Boɗinga ya fara miƙe ƙafa.

In kai ɗan yanzu ne, da wuya ka yarda cewa wurin nan da shaguna suka yi layi a kan hanyar Sakkwato, da can gonakin gero ne. Ɗaya daga cikinsu ta Kaka ce, mahaifiyar Babana. Gonar ce tumuninta, wato rabonta na gado, bayan rasuwar Kakanmu, kuma ba wanda ya yi mata murna da ita. Jigawa ce mai yashi, shanu suna ratsa ta, ga motoci suna firgita jaki. Har danginta na Horo Birni, can ƙasar Shagari, sun riƙa cewa an ba ta abin da kowa ya ƙi. Ni ce 'yar ɗakinta, tare muke kwana, kuma ni nake ɗaukar mata ƙwaryar fura idan za ta duba masu noma.

Ana nan sai mulkin farar hula ya zo, kuma ɗan yankinmu ne, mutumin Shagari, ya hau babbar kujera ta shugaban ƙasa. Titin da muka saba gani shiru ya cika da motoci masu tuta, suna wucewa Shagari suna dawowa. Birni ya cika, gidan haya ya yi wuya, sai ma'aikata suka lura cewa mutum zai iya karya kumallo a Boɗinga ya hau babur ya isa ofis a Sakkwato kafin a neme shi. Daga nan ƙasa ta yi daraja. Wani dillalin awaki da muka sani a kasuwa ya bar awaki ya koma dillancin filaye, bai daɗe ba ya sayi babur ƙirar Basfa. Kullum ka gan shi da igiyar awo a kafaɗa, ana kafa turaku masu jan fenti a cikin karan gero.

Unguwanni suka riƙa tsirowa, kowace da sunan da bakin mutane ya ba ta. Akwai Layin Ma'aikata, akwai Bayan Titi, akwai inda muke kira Unguwar Baƙi saboda wani Bayarabe mai ɗaukar hoto da wani tsohon soja ɗan Zuru da suka fara zama can. Mu yara muna ganin kamar birnin ne da kansa ya taso yana tahowa wurinmu.

Wata rana da hantsi dillalin ya yi sallama a gidanmu na cikin gari, tare da wani dogon mutum mai tabarau. Ma'aikacin sakatariya ne a birni, shi ya sa kowa ya riƙa ce masa Akawu. Suka durƙusa suka gai da Kaka, ina zaune kusa da ita ina tsince mata auduga.

"Inna, hilin ga naki kuɗi ne kwance," in ji dillali. "Ga mai saye na kawo miki har gida."

Baba tela ne a kasuwa, kuma ya daɗe yana mafarkin sayen motar haya ya ba direba. Na ga yadda fuskarsa ta yi haske. Amma Kaka ba ta ko dube shi ba.

"Kuɗi na mi?" ta ce. "In na amshe su yau, wane ya zo da ciwo, wance ta zo da biki, kahin baɗi ba gona ba kuɗi." Sannan ta juya ga Akawu. "Ɗana, ka ɗauki bayan, ka bar mini gaban. Ba ni son ko kwabo. Ka gina mini ɗaki biyu da shago da irin bulon da za ka yi naka. Amma nawa za a hwara, sai an ƙare shi a taɓa naka."

Akawu ya yi murmushi ya ce ya yarda. Aka kira mai unguwa da liman suka shaida, aka yi fatiha. Baba ya kwana biyu ba ya cin tuwo da daɗi.

Ban taɓa jin daɗin wani lokaci a ƙuruciyata kamar na ginin nan ba. Tifa ta zo ta ɗaga bayanta ta juye yashi, muka bi shi da gudu muna hawa muna gangarowa. Leburori suna kwaɓa siminti suna waƙa, birkila yana ɗora bulo yana duba igiya da ido ɗaya. Kaka ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin wata aduwa, nan take wuni tana kaɗi tana kallo, ni kuma ina kai wa ma'aikata ruwan sha. Ranar da kafinta ya buga kwano, rana ta haska shi har sai ka kare ido. Tsofaffin cikin gari suka riƙa zuwa kallo. Kaka ta shiga ɗakin da bismilla, ta ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ta yi dariya, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

Sai aka koma kan gidan Akawu a baya. Babban gida ne aka zana, da falo, da ɗakin baƙi, har da wurin ajiye motar da bai riga ya saya ba. Duk Asabar yakan zo da 'yarsa, tsarata ce, mai takalmi da safa. Da fari ina jin kunyarta. Ita ta kama hannuna ta ja ni cikin ginin, ta tsaya a wani lungu ta ce, "Nan ne ɗakina. In an gama, za ki riƙa zuwa muna kwana." Muka wuni muna tsallake tagogin da ba a sa musu komai ba.

Ginin ya kai linta sai abubuwa suka fara sauyawa. Siminti ya ɓace a kasuwa. Sabulu da madara da shinkafa sai an yi layi, wani lokacin ma a dawo hannu wofi. Tifa ta daina zuwa. Ba a daɗe ba muka ji a rediyo cewa soja sun karɓi mulki, motoci masu tuta suka ɗauke ƙafa daga titinmu. Ga damina ta yi gardama, ɗan geron da muka samu a wata ƙaramar gonar Baba bai cika rumbu ba. Mutane suka daina ɗinka sabo, sai faci. Dillali ya sayar da Basfa ya koma wa awakinsa, domin kowa sayar da fuloti yake nema, babu mai saye. Layin Ma'aikata ya zama kangaye, ciyawa ta fito a cikin falo, awaki suna kwana a ɗakunan baƙi. Akawu da 'yarsa suka daina zuwa.

Ɗakunan Kaka kuwa suna nan a kulle, ba mai haya. Sai can cikin bazara Baba ya dawo gida da fara'a, ya ce ya samu wasu malaman asibiti biyu da aka turo garinmu, za su kama ɗakunan, bayan Juma'a za su tare. Gidanmu ya ɗauki murna, domin wannan haya ita za ta sayo mana hatsi har sabon gero ya nuna. Ranar Laraba ni da Kaka muka je muka share ɗakunan, muka kulle, muka zauna a gindin aduwa muna hutawa. Baba ma ya biyo mu don ya duba shagon.

Bayan la'asar ne, zafi kamar a gasa mutum, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Sai ga wata babbar mota ta sauka daga titi ta nufi kangon Akawu, shaƙe da kaya. Akawu ya sauko daga gaba, ya rame har tabaransa ya yi masa yawa. Matarsa da yara suka sauko daga baya. Ya zo ya durƙusa gaban Kaka, ya ce an rage ma'aikata kuma sunansa yana ciki, an ba shi wa'adi ya fita daga gidan da gwamnati ta ba shi, yau wa'adin ya cika. Ba shi da inda za shi sai nan. Ya ce zai kafa zana a kan ɗaki ɗaya su fake kafin Allah ya kawo mafita.

Yaran mota suka sauke komai a cikin kangon, kujerun kushin, katifu, firiji, akwatunan tufafi, suka ja motarsu suka tafi. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen aduwa. Na hango ƙawata, 'yar Akawu, tsaye a lungun da ta ce ɗakinta ne, rungume da ƙaninta, tana kallon sama.

Kaka ta kai hannu bakin zanenta. Baba ya gane nufinta, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Inna, na riga na ba mutane alkawari. In munka ba shi ɗakunan ga, mi za mu ci?"

"Wa ya gina su?" ta ce. "Ni na ce a hwara nawa, shi kuma ya cika. Da nashi ya hwara, da yau shina da inda zai sa kan ɗiyanshi. Ka tahi gobe ka ba malaman asibiti haƙuri, ka ce ni ce."

Baba ya dubi hadarin. Sannan ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshen aduwa, ya nufi kangon. Kaka ta damƙa mini makulli ta ce in yi gudu.

Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Na buɗe ƙofofin biyu, ɗigon farko yana sauka a kan kwano. Tsohon sojan nan ya fito da gudu, mai hoto ya rufe shagonsa ya zo, wasu manoma da ke dawowa daga sharar gona suka yar da kayan aiki suka shigo. Baba da tsohon soja suka ɗauko firiji, mata suka kwaso katifu a ka, ni da ƙawata muna jan akwati ɗaya muna faɗuwa muna tashi. Kujerar ƙarshe tana shiga, ruwa ya kece.

Ranar na fara jin ruwan sama a ƙarƙashin kwano. Ƙarar ta cika ɗakin har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ni da ƙawata muka riƙa ɗaga murya a kunnen juna muna ƙyalƙyala dariya, jiƙe sharkaf, ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari yana shigowa ta taga. Akawu yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire tabarau yana ta gogewa da gefen riga. Kaka kuwa ta hau kujerar kushin ta zauna daram, ta ce ashe haka abin yake da laushi.

Ba zan ce maka shekarar ta zo da sauƙi ba. Washegari Baba ya je ya ba da haƙuri, aka gaya masa maganganu marasa daɗi, ya haɗiye. Mun sha kunu da dare a maimakon tuwo, mun ci tafasa da rama har muka gaji da su. Amma Baba ya dawo da kekensa na ɗinki shagon bakin titi, matar Akawu ta kafa tanda a gabansa tana tuyar waina, direbobin Shagari suka fara tsayawa. Mai jiran waina yakan miƙa wa Baba riga a yi mata faci. Akawu, wanda hannunsa bai san komai ba sai biro, ya ɗauki fartanya. Baba ya koya masa, ya shuka gero a bayan kangonsa, ya zuba wake a cikin falo, inda bango ya tsare masa awaki.

Bayan girbi aka yi masa gayya. Kwano ya fi ƙarfin kowa, sai aka jera azara a kan bangon siminti aka yi rufin ƙasa irin na cikin gari. Masu wucewa suna dariya suna cewa gidan rabi birni ne rabi ƙauye. Ranar da suka tare, ƙawata ta zo ta roƙi Kaka, na je na kwana a ɗakinta kamar yadda ta yi alkawari. Kaka kuma ta kwashe kayanta daga cikin gari ta dawo ɗakinta na bulo, ni ma na biyo ta. A nan ta ƙare rayuwarta, kuma Akawu yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Yau bakin titin nan ya fi ƙarfin talaka. Dillalai ba sa yawo da igiya, a waya suke nuna maka fili, ka saya ba ka taka shi ba. Mutum kafin ya haƙa tushen ɗaki sai ya fara ja da katanga mai tsawo, ya sa ƙofar ƙarfe. Ban ce laifi ba ne, zamani ne da tsoronsa.

Kwanan baya babban ɗana ya ɗauke ni a mota ya kai ni wajen Sifawa, don ya nuna mini fulotin da ya saya, tunda na cikin Boɗinga ya gagare shi. Yana ta zumuɗi, yana nuna mini inda falo zai zauna da inda katanga za ta bi. Na tambaye shi wa ke da filin da ke jikin nasa. Ya ce bai sani ba, ai dillali ne ya yi komai. Can gefe na hango wani dattijo yana sassabe, jikarsa tana zaune a inuwa tana tsaron butarsa. Na gyara mayafina na ce wa ɗana ya kulle motar.

"Ina za mu, Inna?" ya ce.

Na ce, "Gaisuwa. Kahin ka kawo bulo ko ɗaya, zo mu tahi ka san sunan mutumin can."