Mai Tulu Biyu

Yanzu idan shekara ta zo ƙarshe a Makka, jikokina firiji suke buɗewa su ɗauko kwalabe masu launi, kowa ya sha nasa a tsaye. A zamaninmu abin sha a tulu yake kwana, kuma mutum yakan sha ne don ya yarda da hannun da ya dama. Ni na ci amanar wannan yarda. Har yau tsofaffin unguwarmu ta Misfala suna kirana Mai Tulu Biyu, ni kuma ina amsawa da ƙarfi. 'Ya'yana sun ce in bar wannan labari ya mutu. Ba zan bari ba. Waɗanda suka sha abin da na dama sun mutu da rawaninsu a kai, babu wanda ya san su. Ni da aka zane a kasuwa, ni ke da bakin magana.

Na bar Kano ina saurayi, na yi shekara shida a hanya. Na yi dako a Fort Lami, na tsinci auduga a Sudan, na yi aiki a jirgin ruwa har Masar. Na iso Jidda da Larabci da Barbarci da ɗan Fulatanci, da kuma wani ilimi da ban gaya wa kowa ba. Na ga yadda ake burkutu a gida, na ga marisa a Sudan, na ga buza a Masar. Sunaye ne suka bambanta. Hatsi ne da ruwa da kwanaki.

A Makka wata tsohuwa Bakatsiniya, Goggo Ladi, ta ba ni ɗaki a zaurenta. Mijinta ya rasu a hanya, ba ta da ɗa. Sana'arta subiya, abin shan mutanen Hijaz da ake yi da sha'ir: a jiƙa, a tace, a sa sukari da kayan ƙamshi, kirfa da hel, a zuba a tulun da aka turara da ƙaron mastika. Tana yin fara, tana yin ja da zoɓo, tana yin ta zabibi. Ya yi kama da kunun zaƙinmu, sai dai ya fi shi sanyi a maƙogwaro. Ranar da ta fara koya mini ta ce, "Ɗan nan, kwana ɗaya subiya ce. Kwana biyu a ba jaki. Kwana uku kuwa Shaiɗan ya sa hannu, a zubar a wanke tulu."

Na ce, "To, Goggo." A zuciyata na ce na riga na san abin da kwana uku ke yi.

Buri ɗaya gare ta a duniya, ta mutu a Makka a binne ta a Makka. Likkafaninta na cikin akwati, ta wanke shi da Zamzam, takan fito da shi ta shanya ta mayar.

Abin ya fara da tulu guda da ya kwana biyu na ƙi zubarwa. Na ɗanɗana, na ba wani mai raƙuma, ya dawo washegari yana murmushi. Daga shi labari ya kai ga wani attajiri da zan kira Sidi kawai. A lokacin, idan alhazai sun watse a ƙarshen watan Zulhajji, masu hali sukan fita bayan gari wajen Kudai su yi yini a inuwa, a yanka rago, a yi waƙa, ana murnar an gama aiki lafiya shekara ta ƙare. Sidi ya kira ni da sunan da Larabawa ke kiran mutanen ƙasarmu ya ce, "Ya Takruni, an ce hannunka yana da albarka. Muna son subiya mai tsufa."

Na yi masa. Na ƙara zabibi da dabino don ta yi ƙarfi, na rufe warin da ruwan wardi da kanumfari. Ta manya nakan sa mata tsamiya da citta, ta zama ja kamar garwashi. Shekara uku ina wannan. Tulun Goggo yana ƙofa, nawa yana bayan itace a rufe da buhu. Ina sallah a sahun gaba, ina cin tuwonta, ina kiranta uwa.

A shekara ta huɗu, ranar ƙarshe ta Zulhajji, na fito da tuluna tsakar gida na tace na gyara, don washegari ne yinin su Sidi. Ban sa tsamiya ba tukuna, subiyar tana nan fara kamar ta Goggo. Na ɗaura masa jan zare a wuya, na tafi neman jakin haya. Abu biyu na manta. Goggo tana azumin ƙarshen shekara, ba za ta ɗanɗana komai ba. Kuma tana fama da murar nan da alhazai ke bar mana kowace shekara, hancinta a toshe.

Al'adar unguwarmu ce a shiga sabuwar shekara da farin abin sha, don shekarar ta zo fara. Makkawa madara suke sha, mu kuma Goggo takan raba subiya sadaka, mata su zo da kwanukansu kafin magariba. A ranar mata suka yi yawa, tulunta ya ƙare, ta waiwaya ta ga wani a cike.

Na dawo da jaki na tarar da tuluna a kife. Ta tare ni da fara'a ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka yi mini ƙari ban roƙe ka ba. Yau babu wadda ta koma da kwano wayam."

Na tsaya riƙe da igiyar jaki. Da na ruga gida gida a lokacin, da na tsayar da abin, don ba a kira sallah ba tukuna. Na lissafa abin da za a tambaye ni, na shiga ɗaki na zauna.

Da abin tuluna masu azumin unguwa suka buɗe baki, cikinsu babu komai. Tsohon limaminmu ya kasa miƙewa daga raka'ar farko. Yara suka yi ta amai. Wata mai ciki ta faɗi a bakin murhu ta ƙone hannu. Da safe askarawa suka zo suka tafi da Goggo, ko mayafi maƙwabciya ce ta bi ta da shi. Ta ce musu ita ta dama, ita ta raba, domin iyakar abin da ta sani ke nan.

Kwana biyu na yi shiru. Na je wurin Sidi, ya karɓe ni a bakin ƙofa ya ce, "Tsohuwa ce, ba za a doke ta ba. Jirgi kawai za a sa ta a mayar da ita ƙasarku. Kai kuma ban taɓa ganinka ba."

Na ce, "Shekara uku kana shan hannuna, Sidi."

Ya ce, "Wa zai yarda da kai?" Ya rufe ƙofa.

Na koma gida na ga akwatinta a buɗe, maƙwabta suna haɗa mata kaya. Likkafanin yana sama. Wata ta tambaye ni ko a sa shi cikin kayan tafiya. Na ce a bar shi inda yake. Na ɗauki tulun mai jan zare na aza a ka, na ratsa kasuwa da shi har gaban alƙali.

Na faɗi komai da Larabci, na sake faɗa da Hausa don Goggo ta ji daga bakina. Alƙali ya tambayi masu saye. Na faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Suka zo da fararen riguna suka rantse ba su san ni ba, ba ni da shaida, aka sallame su. Aka yi mini bulala a bainar jama'a, aka rufe ni shekara biyu. Goggo aka sake ta. Da za ta wuce ta gabana ta tsaya ta ce, "Da ka dawo da jakin nan, an kira sallah?"

Na ce, "Ba a kira ba."

Ta juya ta wuce. Bulalar ba ta kai wannan ciwo ba.

Na fito na tarar ta daina subiya, domin babu mai karɓa daga hannunta, wanki take yi wa mutane. Na durƙusa a ƙofarta. Ta ce, "Na yafe don ina so a yafe mini. Amma zaurena ka gama kwana a ciki." Na yi mata jidon ruwa har ƙarshen ranta, ina ajiyewa a bakin ƙofa. Ta rasu a Makka, an sa ta a likkafaninta, ina cikin masu ɗaukar makara. Wasu suka ce bai kamata in taɓa ba. Na ce duk wanda ya isa ya zo ya cire hannuna.

Samari, ku da ake kira wuraren shagali a miƙa muku kofi a ce ɗan zaƙi ne kawai, ku saurare ni. Ku tambayi abin da ke ciki, ku tambayi wanda ya haɗa. Idan kuma ku ne masu haɗawa, ku sani manyan da ke yaba hannunku ba za su san ku ba ranar da aka kama ku, kuma wanda zai fara biya shi ne wanda ya ba ku masauki. Idan kun yi ɓarna kuna da sauran lokacin gyarawa, ku ruga a lokacin. Ni na zauna a ɗaki, abin da na fi nadama ke nan.

Na koma sana'ar subiya, na yi shekara talatin ina yi a bakin kasuwa, duk da masu cewa ba za a saya ba. Tun daga ranar da na fito kurkuku tulu ɗaya gare ni, a fili yake, kuma kowace safiya ni nake fara sha a gaban mutane kafin in zuba wa kowa.