Fatar da na rina wa Inna

Ni baduku ne ɗan baduku, daga Damagaram. A shekarun tamanin ina zaune a Montreuil kusa da Paris, gidan ma'aikata baƙi, mu huɗu a ɗaki ɗaya, ina ɗinka jakunkuna da takalma ina kai wa 'yan kasuwarmu. Kuma gaskiya a lokacin ina ji da kaina. In dai maganar fata ce, ba na sauraron kowa.

Wata shekara aka shirya baje kolin sana'o'in hannu na Afirka, mako ɗaya a Paris, daga nan a kwashe a koma Lyon. Teburina ya faɗo kusa da na wata dattijuwa daga Afirka ta Kudu, mai aikin duwatsun ado. Ita da 'yarta gudun hijira suka yi saboda mulkin wariya. Dattijuwar ba ta jin Faransanci, ni kuma yarenta ko sannu ban sani ba, sai 'yar ke mana tafinta. Inna nake ce wa dattijuwar. Ta nuna mini yadda suke jera duwatsun nan ƙanana har zane ya fito, ni kuma na nuna mata yadda muke yanka zaren fata siriri. Har goro na ba ta, ta tauna sau ɗaya ta yamutsa fuska, muka yi ta dariya.

Ranar da za a tashi daga Paris ta ciro wata fatar akuya daga ƙasan jakarta, a naɗe cikin ƙyalle. Tana da igiyoyi huɗu, ɗaya ta kusa tsinkewa. 'Yar ta ce, "Mama ta ce ta ga hannunka, ta yarda da kai. Ka ɗinke mata igiyar nan, ka kawo mata Lyon."

Na ji sarai. Igiya aka ce.

Da na warware ta a ɗaki sai na ce, kai! Fata ta yi baƙi ƙirin da maiƙo, gashin duk ya zube, ga wani tabo a sama, zagayayye kamar gindin ƙwarya, ga wani irin wari na hayaƙi da tsohon man shanu. Na ɗauka buzun zama ne. To mu a gidanmu, abin kunya ne a kawo wa baduku gyara ya mayar da kaya da dauɗarsa. Mahaifina in an kawo masa takalma ya gyara ƙafa ɗaya, sai ya goge duka biyun. Balle Inna, baƙuwa, wadda ta yaba hannuna a gaban mutane? Na ce wallahi sai ta san ta haɗu da ɗan Damagaram.

Kwana huɗu na yi a kanta. Na jiƙa ta da bagaruwar da na taho da ita daga gida. Na kankare maiƙon tas. Tabon nan ya ba ni wahala, na yi ta bin sa da wuƙa har ya ɓace. Na rina ta da karan dafi, ta yi ja wur. Na yanke tsofaffin igiyoyin na sa sababbi, uku daga tsofaffin na zubar, ɗaya da na ga tana da sauran ƙwari na ɗaure kayan aikina da ita. Abokin ɗakina, wani Alhaji Bamaraɗe mai sayar da atamfa, ya ce, "Malam, ka tambayi mai ita kuwa?" Na ce, "Alhaji, ka tsaya ga atamfarka, fata ba fanninka ba ce."

A Lyon ko teburina ban shirya ba, na nufi wurinta ina washe baki. Na shimfiɗa fatar a gabanta.

Inna ta duba ta, ta dube ni, ta girgiza kai alamar ba tata ba ce. Na ce wa 'yar, "Ita ce mana! Gyara na ƙara mata." 'Yar ba ta fassara ba. Hannu ta ɗora a ka.

Sai dattijuwar ta ɗauki fatar, ta juya ta, tana lalube da yatsa wajen da tabon yake. Ta kai ta hanci. Ta sake kaiwa, ta ja numfashi da ƙarfi. Sannan ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin babban mutum ba, ta zube ƙasa. Turawan da ke kallon kaya duk suka ja da baya.

Na ce, "Me na yi? Don Allah me na yi?"

'Yar ta ce, "Fatar goyo ce. A cikinta ta goyi yayana. Tabon nan wurin kansa ne. 'Yan sanda sun tafi da shi, ko gawarsa ba a ba mu ba. Da muka gudu ba ta ɗauko komai nasa ba sai wannan. Kullum sai ta shinshina ta, ta ji ƙanshinsa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da hannuna, da wuƙata, kwana huɗu ina murna! Ban taɓa jin na tsani sana'ata ba sai ranar. Na durƙusa ina ba da haƙuri da Hausa, da Faransanci, ba wanda ya kalle ni. Ruwan da na wanke ta da shi ya bi magudanar Montreuil, me zan mayar mata?

Sai na tuna. Na ruga teburina, na zazzage jaka, na kwance igiyar nan guda da na ɗaure kayan aiki, basilla da wuƙaƙe suka watse a ƙasa. Baƙa ce, da maiƙonta, ko wanke ta ban yi ba. Na miƙa mata da hannu biyu.

Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ta ɗora a hanci, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Can ta faɗi wata gajeriyar magana.

Na tambayi 'yar abin da ta ce.

"Ta ce da saura kaɗan."