Mai Tawada a Fiffike

Jiya da la'asar ina cikin teku iya gwiwa, wani abu ya gogi ƙafata. Kifin girsh ne, mai haƙoran nan da ake kira shark, bakin fiffikensa baƙi ƙirin. Na daskare, sai muryar marigayi Kakana ta dawo mini.

Wata rana a kwalekwalensa, hannunsa duk ƙarni, ya cire irin kifin nan daga koma ya mayar ruwa, ya ce mini: "Amarya, mai tawada a fiffike matsoraci ne. Shi ke cinye kifaye marasa lafiya. In ya ƙare, sana'armu ta ƙare."

Ban motsa ba har wani masunci ya ce, "Halas ya binti, shi ke nan 'yata, ya tafi."

Na fashe da kuka. Wa zan ba labari? Ko ɗakin Kaka na unguwar Karantina an rushe. Allah ya sanyaya makwancinsa.