Tamba Mai Faci da Ƙungiyar Albasa

Yayana Tamba mai faci ne a Gwadangaji, bakin titin da keke-napep ke kwasar ɗalibai. Tun ina yarinya ban san shi da wata sana'a ba sai liƙe taya da gardama. Allah ya ba shi ɗa namiji guda, Mujtaba, mai jinkirin fahimta. Yaro ya zama saurayi, karatu ya ƙi zama, amma in ya ga ƙwallo har jikinshi rawa yake. Samarin unguwa kuwa ba su taɓa bari ya taka ba, sai dai in ƙwallo ta faɗa kwata su ce ya ɗauko. Wanga abu ya daɗe yana cin ran Tamba, ni ma yana cin nawa.

Rannan ya rufe shago ya bi gida-gida. Ashe irin Mujtaba suna da yawa, ɓoye su dai aka yi. Ya tattaro su, ya haɗa da wasu samari masu kunya, ya ce kowa zai buga. Wani malamin makaranta a Argungu mai irin wannan ƙungiya ya ce su zo a yi wasan zumunci. Saura riguna, takalma da mota.

Tamba ya fita neman gudummawa, ya manta da irin mutanen da yake zaune da su. Mutanenmu abin gona suke ba ka, ba na aljihu ba. Surukanshi na Gulma sunka aiko shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba. Wani ya kawo busasshen kifi. Alhaji Sama'ila, dillalin albasa, ya sa anka jibge buhunan albasa a shagon, har mai faci ya koma faci a rana. Duk wanda ya kawo taya sai an sayar mishi da kashin albasa, ko yana so ko ba ya so, da haka takalma sunka samu. Ni tela ce, tawa gudummawar ragowar ankon bikin ƙawata Ummu Hani ce, atamfa mai furanni. Da na gama ɗinki Tamba ya ɗaga riga ya ce, "Rauda, 'yan ƙwallo na ce, ba ƙawayen amarya ba." Na ce to ya ɗinka musu da robar taya.

Tsiyar gudummawa ke nan, duk wanda ya sa hannu ya zama mai ƙungiya. Ana gobe tafiya Alhaji Sama'ila ya zo, ga shi motar da za ta kai su ta Alhajin ce.

"Tamba, albasata ba ta zuwa Argungu ta sha kashi. Ka aje ɗan nan naka, a sa Izzuddeen ɗan ƙanena, shi ya iya."

Tamba da ba a kayar da shi a gardama ya sauke murya. Ya ce, "Alhaji, in Mujtaba bai shiga ba, mi za mu yi Argungu? Gara mu zauna."

Alhaji ya ja tsaki ya ce to a sa yaron can ƙarshe, in an riga an ci. Wallahi na so in tanka, Tamba ya harare ni.

Munka isa Argungu, furanni sunka shiga fili, mata na ta tambayata inda na sayi atamfar. Wasa ya kusa tashi ba wanda ya ci. Tamba bai dubi Alhaji ba, ya tura Mujtaba. Ikon Allah, ƙwallo ta gangaro ƙafarshi a bakin raga, gola yana kwance. Alhaji ya sheƙo da gudu har gefen raga yana ɗaga hannu. Mujtaba ya ɗago ya ga babba. Mu kuwa a gidanmu ba a gaida babba a tsaye. Ya bar ƙwallo ya durƙusa.

"Alhaji, ina wuni?"

"Lahiya lau, buga."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya, buga ƙwallo."

"Ina mutan gida?"

'Yan Argungu ma 'ya'yan tarbiyya ne, ba mai ƙwace ƙwallo gaban wanda ke gaida babba. Sunka tsaya cirko-cirko, guda ma ya durƙusa bayanshi yana jiran layi. Alƙalin wasa ya manta da usur a baki. Alhaji ya ga ba mafita, ya amsa gaisuwa tsaf har da ta aiki da ta damina, sannan ya ce a hankali, "Allah shi yi ma albarka. Mujtaba, buga."

Fili gaba ɗaya ya ɗauka, namu da nasu: Mujtaba, buga, Mujtaba, buga. Ya miƙe ya narka mata ƙafa, ta tsallake raga ta faɗa gonar shinkafar wani bawan Allah.

Na juyo ina dariya har da hawaye, sai na ga Tamba zaune a ƙasa yana kuka wiwi. Na ce, "Haba Yaya, don ya zubar? Gobe ya ci."

Ya girgiza kai. "Rauda, tunda anka haife shi, ban taɓa jin jama'a sun kira sunanshi ba sai don ya kauce hanya."